Bakin Igiyar Takalmi

A tashar Gummi, wuri ɗaya ya rage a gidan gaba na motar Anka, kuma mutum biyu suka kama ƙofar tare: Malam Saminu, sabon malamin firamare, da wani tsoho mai koɗaɗɗiyar rigar soja.

"Baba, ka yi haƙuri, ni ma'aikacin gwamnati ne. Turanci nake koyarwa."

"Madalla, ɗana. In ka gaya mini sunan abu guda da Turanci, wuri ya zama naka."

Saminu ya gyara tsayuwa, don a kwaleji ƙamus ake ce masa.

Tsohon ya nuna takalmin Saminu. "Ɗan ƙarfen ga na bakin igiya, mi sunanai?"

"Ai wannan ba shi da suna, Baba."

"Shina da shi. Aglet. To, ɗan kwarin ga tsakanin hanci da leɓe fa?"

Saminu ya shafa nasa, ya ji gumi a wurin.

"Philtrum," in ji tsohon.

Saminu ya buɗe masa ƙofa da kansa. "Wace makaranta ka yi, Baba?"

"Ta goge takalmi. Shekara tara ina yi ma wani manjo Bature hidima. In ya ƙoshi da shayi, sai ya zaunar da ni ya koya mini sunan abin da ba mai tambaya."

"Lalle ya ƙaunace ka."

"Ƙwarai. Ba sunan da bai sani ba a duniya sai nawa. Barau aka raɗa mini, amma har ya koma ƙasarsu Ɓarawo yake kirana."