Bakwaini a Motar Rogo

A tashar Karaye, Bahijja na zaune cikin motar Rogo tana jira ta cika, ɗanta bakwaini lulluɓe a ƙirjinta. Wata dattijuwa ta shigo ta zauna gefenta, suka gaisa.

"Sannu da jego, 'yar nan. Kai, ɗan mitsitsi! Ki haɗa masa da madarar gwangwani mana, ya yi kumari."

"Nonona kaɗai yake sha, Inna. In ya kasa kamawa, sai in tatsa a kofin da na tafasa in ba shi."

"Wahala kike so. Ai bulumboti ya fi sauƙi, a ɗauraye kawai a zuba."

Bahijja ba ta so ta faɗa ba, amma maganar ta fito.

"Haka aka yi wa Hasan. Wannan Husaini ne. Cuta ta shiga jinin wansa, aka yi ta canza allura a asibiti, likita ya ce ƙwayoyin cutar ba sa jin magani, har ya rasu. Ba a tabbatar inda ya ɗauka ba, amma ni na gama ganganci."

"Innalillahi. Allah ya sa mai ceto ne."

"Amin. Yanzu ko uwata ba ta taɓa wannan sai ta wanke hannu da sabulu. Ta yi fushi, ta gaji ta huce."

Dattijuwar ta murza bakin ledar da ke cinyarta.

"Jikata ma bakwaini ce, a Rogo Ruma. Bulumbotin na fito sayo mata." Ta nisa. "Kofin nan, yaya kike tafasa shi? Faɗa mini a hankali, kada in manta kafin in isa."