Mayyar Littafin Hambali

"Wanda ya rubuta littafin nan ya ɓata min suna!" in ji wata tsohuwa a tashar Birnin Kudu, tana nuna littafin hannun wata matashiya.

"Inna, kin san Hambali, gwanin labaran ban tsoro?"

"Ni na goye shi, ɗan ƙanena ne. Har shirin talabijin yake mayarwa littafi, duk Jigawa ba kamarsa. Amma mayyar ciki ya sa mata sunana, Nasiha mai daddawa. Yanzu a Maruta ba mai sayen daddawata."

"Ai kuwa ta gagari kowa a labarin."

"Yo dama wa zai iya da ni? Amma wallahi sai ya zo kasuwa ya sha miyar daddawata a gaban jama'a, ya wanke ni!"