Kada Ki Sa Hannu, Lorene

Fasto Whitcomb, mai girma magajin gari, shugaban 'yan sandan gunduma da ban zaci ganinsa a nan ba, 'yar'uwarmu Lorene matar mamaci da yara, jama'a: sannunmu da haƙuri.

Orville Tackett ya kasance mai janyo motocin da suka mutu a hanya, shekara talatin. Ya kasance wanda kowannenmu ya taɓa kira daga cikin rami. Ya kasance mai taurin kai, kuma yau ina gode wa Allah da hakan.

Mun san yadda aka yi. Ƙaninsa ya ari motar janwen, aka kama shi da ƙullin wiwi. Tarar laifin dala dubu ce, motar kuwa ta dubu sittin. Ba a tuhumi Orville da komai ba, amma 'yan sanda suka ƙwace motarsa. Motar aka kai ƙara, da sunanta a takarda kamar mutum. Ina zaune a kotu Orville ya ce wa lauyan gwamnati, "To ku kira ta ta rantse mana, yallaɓai. Ni dai ba ta taɓa yi min ƙarya ba."

Shekara shida yana nanata musu cewa tsarin mulki ya hana tarar da ta fi ƙarfin laifi. A watan Maris alƙali ya ba shi gaskiya, amma mota shiru. Orville ya rasu ran Talata. Ran Alhamis sai ga ta, an wanke ta fes, har da furanni. Wannan saurin bai kwanta min ba.

Ranar da aka ƙwace ta, ya rubuta adadin mil ɗin da ta yi tafiya da fensir a ƙofar garejinsa. 'Yan sanda sun rantse a kotu cewa tana ajiye. Jiya na duba: ta ƙara mil dubu arba'in da ɗaya. Ban ce kowa ya yi komai ba. Wataƙila ita kaɗai take fita shan iska.

Lorene, takardar da suka haɗo miki da makulli, wai ta shaidar karɓa ce, na karanta shafi na biyu. Kina sa hannu kin yafe musu komai, shekara shidan mijinki sun tafi a banza. Kada ki sa. Na kuma ji sun ce za su yi wa garejin fenti kyauta, don girmama mamaci. Ki gode musu, ki kulle ƙofar, kada fenti ya hau rubutun fensirin nan.

Mun gode wa matan coci da abinci, da duk wanda ya zo da zuciya ɗaya. Ubangiji ya hutar da Orville inda ba a ƙwace wa mutum abinsa, mu kuma ya buɗe mana ido. Amin.