Yarinyar da Ba Ta Jin Zafi

A guje aka shige da yarinyar ɗakin tiyata, aka bar uwarta a benci kusa da wani dattijo da ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwan sanyi.

"Baiwar Allah, me ya same ta?"

"Karaya, Baba. Kwana huɗu tana taka ƙafar, ko uffan. Tun haihuwa ba ta jin zafi."

"Kai, ina ma ni ne! Shekara ashirin ƙafafun nan suna ci da wuta. Likita ya ce akwai ƙananan ƙofofi a jijiya, in suka buɗe gishirin jiki ya shiga, sai saƙon zafi ya tafi ƙwaƙwalwa. Nawa sun ƙi rufuwa."

"Nata ba su taɓa buɗewa ba."

"To ai ta huta."

"Huta? Harshenta ta gatsa tana dariya. Ni kuma ina ta yabonta gaban maƙwabta, wai 'yata akwai dauriya."

Dattijon ya sunkuyar da kai.

Sai ga wata nas da takarda a hannu, idonta a kan goyon da ke bayan matar.

"Maman yarinya, wannan ƙaramin fa, ya yi kuka ranar allurar rigakafi?"

Matar ta sauko da goyon ta zuba masa ido, sai a lokacin ta tuna ranar bai yi kuka ba.