Kada a Zubar da Takardun Dakta Abdulmajid

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Mai wannan gari da muke maƙwabtaka da shi.

Malam liman, shugaban jama'armu na Madina, dattawan unguwar Harra ta Gabas, likitoci da malaman jami'a, Hajiya Zinariya uwar gidan marigayi, da ɗansa Suhaib, assalamu alaikum.

Ni ne Khalilu mai kantin magani a unguwar Aƙiƙ. Ku yi haƙuri, na kasa tsayawa wuri ɗaya. An ce in yi magana a madadinmu duka, na rubuta, na yage. Dalili kuwa, jiya Suhaib, mai kirana Ammi, wato baffa, ya ce mini, "Ammi, halas, magana ta ƙare. Akwatunan Baba huɗu, gobe motar shara ta baladiyya za ta kwashe." Takardun binciken mahaifinsa fa yake nufi, aikin shekara ashirin da ɗoriya. Tun jiyan nan hankalina bai kwanta ba.

Ya kasance likitan dabbobi, kowa ya sani. Tumaki da raƙuma yake dubawa tun zuwansa garin nan a 1993. Abin da muke faɗa ƙasa-ƙasa shi ne karatun da ya yi a Turai: yadda jikin alade ke kare kansa daga ƙwayoyin mura. To, yau na faɗa da ƙarfi, alade.

Ya kasance in ka tambaye shi, sai ka gaji da tsayuwa. Ya taɓa tsare ni a kanti, masu saye na jira, yana mini bayanin dakashi, nonon farko. Wai ɗan alade da shi yake samun garkuwa daga uwarsa, amma garkuwar nan kan hana allurar rigakafi kama jikinsa in an yi masa da wuri. Wai kuma murar tsuntsu da ta mutum duk suna iya haɗuwa a huhun dabbar nan, su fito da sabuwa. Na ce, "Dakta, a Madina kake wannan zance?" Ya ce, "Khalilu, ban ce ka ci ba. Cewa na yi ka sani."

Ya kasance mai haƙuri, mu kuwa muka yi ta ɗora masa. A 1995, wajen wata walima a Harra, mun zagaye faranti ɗaya, ya miƙa hannu cikin shinkafa. Wani ya ce, "Dakta, sabulu nawa ka ƙarar a hannun nan?" Aka kwashe da dariya. Ya janye hannunsa, ya nemi cokali. Daga ranar har ya koma ga Allah, shekara goma sha huɗu, bai sake sa hannu a faranti tare da mu ba. Mu kuma muka ce girman kai ne na ’yan boko.

Jama'a, wanin nan ni ne. Ni na faɗa. Wallahi kunya nake ji, kunyar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Sai ga bana, murar aladu ta cika duniya, aikin Hajji ya matso. Wa muka nema? Wayarsa ba ta huta ba. Shi ya bi gidajen tsofaffinmu ɗaya bayan ɗaya, yana roƙonsu su yi allura, su rufe hanci a cikin cunkoso. Inna Kaltume ta rantse ba mai tsira mata allura, ya zauna a tabarmarta tun azahar har la'asar sai da ta miƙa hannu. Ko sau ɗaya bai ce mana, "Ba na gaya muku ba?" Bayan Hajji da mako uku zuciyarsa ta tsaya, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Hajiya Zinariya, ke kika riƙa saka masa cokali a aljihu duk walima, kin san komai, ba ki taɓa canza mini fuska ba. Ki yafe mini.

Suhaib, ya waladi, ɗana, ɗago ka dube ni. Na san Larabci ya fi maka sauƙi, amma kana jin Hausa sarai. Na san sunan da yara suka riƙa kiranka da shi a makaranta. Daga bakin iyayensu suka ɗauka, iyayen kuma daga bakina. Kunyar da ta sa kake son zubar da takardun nan ba ta mahaifinka ba ce, tawa ce. Kada ka hukunta shi da laifina. Akwai ɗaliban da za su karanta su, zan nemo su ko a Zariya suke. In gidanku ba wuri, ɗakin baƙina yana nan, kowa ya shigo ya gani.

Na gode muku da kuka saurare ni. Allah ya jiƙan Abdulmajid, ya haskaka kabarinsa, ya sa ilminsa ya bi shi da lada, ya ba iyalansa haƙuri. Ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma ya gafarta mana abin da muka yi masa. Amin.

Suhaib, motata na bakin ƙofa, na kwantar da kujerun baya. Ba zan tafi ba sai ka ce mini e ko a'a.