Toka Buhu Tara

Girman kai ke hana mutum tambaya, kuma na ga inda ya kai wani. A bencin tashar mota na ji wani dattijon manomi yana cika wa wata mata baki.

"Kin ga buhunan nan, 'yar nan? Masu haɗa batir zan kai wa. Wai ɓawon gyaɗa suke ƙonawa su zuba a ciki, shi ke riƙe wutar. Ni kuwa na hutar da su, na ƙone abina tun a gona don ya fi daraja."

"Ka ƙone? A fili, Baba?"

"A fili mana. Kwana uku yana ci."

"Innalillahi! Buɗe min ɗaya."

Ya kwance bakin buhu. Ta damƙo, ta buɗe hannu, iska ta kwashe.

"Baba, ai wannan toka ce! Shekarata shida ina aiki a wurin masu haɗa batir ɗin. A rufaffiyar tukunyar ƙarfe muke gasa ɓawon, iska ba ta shiga, ya fito baƙin gawayi mai ƙananan ƙofofi. A ƙofofin nan wutar batir ɗin ke zama."

"To, ba za ku mai da ita gawayin ba?"

"Ta ina? Wai ba wanda ya yi maka bayani?"

"Ɗana ya fara, na ce masa yaushe aka haife shi."

Ya dafe kai, baki buɗe. Ɓawon damina biyu, buhu ɗari uku, ya koma toka buhu tara.