Maganin Gwaji da Kunyar Suruki

A tashar Dutsin-Ma muna jiran motar Kurfi ta cika, sai na ji wata Hajiya mai sayar da wake ta tanka wa wata 'yar Fulanin Tamawa. Na gyara kallabi, na kasa kunne.

"'Yata, tun ɗazu kike juya kwalbar nan. Maganin mene ne?"

"Na gwaji ne, Hajiya. Likitocin ƙasar waje ke gwada shi a kanmu."

"Dole aka yi miki?"

"A'a. An bayyana mana komai da Hausa, an ce wadda ta ga dama ta fita. Sai dai mai ciki ba ta sha."

"To ke ina ruwanki?"

Yarinya ta sunkuyar da kai.

"Innalillahi! Ba su auna ki ba?"

"Sun auna da farko, babu komai. Daga baya ya shiga. Yau malamar asibiti ta tambaye ni, amma Baffa Yero, surukina, shi ya rako ni, yana zaune a gefe. Na fari ne, Hajiya. Da wane baki zan faɗa?"

"Sai kika ce babu?"

"Na girgiza kai."

"Kina ta sha kuma?"

"Har da safen nan. Zai taɓa cikin?"

"Ni likita ce? Ina tsohon?"

"Ya shiga kasuwar shanu."

"Direba, sauke mini buhuna! Tashi mu koma asibitin tun bai dawo ba."

"Wallahi ba zan iya faɗa ba."

"Ke yi shirunki. Ni ba surukina ba ne."